Luzin Man Gyaɗa na Maraɗi: Ginin da Gumin Manoman Tasawa da Mayahi Ya Tayar

Ka ce wa mutumin Maraɗi ya lissafa maka gine-ginen tarihi na jiharsu, zai fara da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ya bi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri, ya zo kan ta Tasawa. In mai bin labarin zuwan Turawa ne, sai ya ƙara da kaburburan Voulet da Chanoine a Maijirgi, hafsoshin Faransa biyu da suka bar gawawwaki a hanya kafin su gamu da ajalinsu a 1899. Da wuya ka ji ya ambaci luzin man gyaɗa da kamfanin SICONIGER ya kafa a Maraɗi a 1942.

Alhali luzin ya girmi ƴancin kan Nijar da shekara 18. Ya girmi ma garin Maraɗi na kan tudu, wanda aka shata da miƙaƙƙun tituna bayan da ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama. Yana cikin masana'antun zamani na farko-farko da aka kafa a ƙasar baki ɗaya. Kuma duk da cewa a Maraɗi yake zaune, abin da ya ciyar da injinansa daga gonakin karkara ya fito, har da jigawar Tasawa da ta Mayahi. Shi da mangazun gyaɗa da aka gina a kasuwannin yankin su ne shaidar da ta rage a tsaye ta zamanin da gyaɗa ke ɗauke da ƙasar. Wannan shaida kuwa ba ta sarakuna ba ce, ta manoma ce da ƴan dako da lebura, mutanen da ba a yi musu kirari ba, ba a kuma rubuta sunayensu a littafi ba.

Yadda gyaɗa ta hau gadon mulki

Gyaɗa ta daɗe a ƙasar Hausa kafin zuwan Bature. Ana shuka ta a gefen gero, mata na soya ta su matse mai, su murza ƙuli-ƙuli. Abin da ya mayar da ita hajar ƙetare shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Ingilishi sun ja layin dogon ne da ransu a kan auduga, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, har tashar jirgin ta kasa kwashe abin da aka kawo mata a kakar 1912.

A arewacin iyaka, Faransawa suna neman abin da talaka zai sayar ya biya lanho, wato haraji, da kuɗi, tunda sun daina karɓar wuri. Ƙasar Tasawa da ta Mayahi rairayi ce mai laushi, irin wadda gyaɗa ke so, ga sauƙin cira in ta nuna. Sai hukuma ta matsa a noma, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da CNF suka kafa sikeli, Kwarori ma suka shigo da nasu jarin.

Gyaɗa ta sauya har taswirar mulki. A da Tasawa ce mazaunin kwamandan yankin, Maraɗi tana ƙarƙashinta. A 1927 aka mayar da mazaunin Maraɗi, garin da ya fi kusa da iyaka da hanyar Katsina zuwa Kano. Daga nan kuɗi da kamfanoni da motoci suka karkata can. Tasawa ta ci gaba da zama babbar kasuwa da gidan sarauta, Mayahi a bakin Gulbin Kaba ta ci gaba da noma, amma inda ake tara amfanin, ake kuma yanke masa farashi, ya koma Maraɗi.

Yaƙi ne ya haifi luzin

Kafin yaƙin duniya na biyu, Faransa ba ta son a matse gyaɗa a Afirka. Masu luzin Marsai da Bordo ne ke cin ribar matsa, kuma suna da bakin magana a Paris. Aikin ƴan mulkin mallaka a nan shi ne su tara ƙwaya su tura bakin teku.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, sai lissafi ya rikice. Afirka ta Yamma ta Faransa ta bi gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus, Najeriya kuwa tana hannun Ingila, don haka iyakar da gyaɗar Maraɗi ke bi zuwa tashar Kano ta rufe a hukumance. Jiragen ruwa suka yi ƙaranci, fetur da gas suka yi wuya, har aka koma zuba man gyaɗa a injinan motoci. Ga gyaɗa jibge ba hanyar fita, ga buƙatar mai. A irin wannan matsi ne aka kafa SICONIGER, kamar yadda kamfanin Lesieur ya kafa nasa luzin a Dakar a shekarun yaƙin. A Kano ma cikin shekarun 1940 ne aka fara kafa injinan matsar gyaɗa.

Bayan yaƙi luzin bai rasa dalilin zama ba, domin nisa na nan. Daga Maraɗi zuwa teku, ko ta Legas ko ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce. Ɓawon gyaɗa ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta, ƙwayar kuma kusan rabinta mai ne. Duk wanda ya ɓare ya matse a kusa da gona ya rage kuɗin mota da na jirgi. Wannan lissafi ne ya sa daga baya aka kafa wasu luzin a Matamai da Magarya, a ƙasar Damagaram.

Ginin da aiki ya shata

Maginin Hausa gwani ne wajen ƙasa. Da tubali da azara da makuba yake tayar da soro mai sanyi a tsakiyar bazara. Sai dai azara tana da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2, dole a yi mata dabara, ko a jera ta hawa-hawa daga bango, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaura bakan gizo. Da bakan gizon ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufa masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin da har yau masana gini ke zuwa kallo. Amma wannan gini ne na mutane masu sahu, ba na inji ba.

Luzin yana neman abin da ƙasa ba ta iya bayarwa: zaure mai faɗi da tsawo, ba ginshiƙi a tsakiya, inda bel zai yi gudu daga wannan inji zuwa wancan, amalanke ya wuce ba tare da karo ba. Amsar ita ce ƙarfe. Ana haɗa sandunan ƙarfe kusurwa uku-uku su zama ƙashin rufi, a ɗora a kan ginshiƙai na gefe, a lulluɓe da kwano. Bangon ya daina ɗaukar nauyi, aikinsa kawai kare iska da ƙura da ɓarawo. Wannan shi ne babban bambancin ginin luzin da ginin gargajiya, kuma shi ya sa ana iya ƙara wa luzin tsawo duk lokacin da aiki ya ƙaru, a kafa sababbin ginshiƙai a ci gaba da rufi. Masana'antar da ta shekara 80 ba ta zama gini ɗaya na shekara ɗaya, tana zama ƙari a kan ƙari, kowane zamani da irin bulonsa da irin waldarsa.

Luzin man gyaɗa na wancan zamani, daga Kawlak ta Senegal zuwa Kano zuwa Maraɗi, tsari ɗaya yake bi, domin gyaɗar ce ke shata shi. Daga bakin ƙofa akwai wurin awo, sai fili mai faɗi da ake jibge buhuna. Daga nan sai wurin tankaɗe, inda ake raba ƙwaya da tsakuwa da rairayi, domin tsakuwa ɗaya na iya cin haƙorin inji. Sai a niƙa ƙwayar, a dafa ta da tururi don man ya saki, a tura ta cikin injin matsa. Injin wani dogon ƙarfe ne mai murɗe, yana juyawa cikin keji, yana ƙara matsewa yayin da gyaɗar ke tafiya gaba. Mai na tsiyaya ta tsagogin kejin yana gangarawa kwatami, tunkuza na fita ta ƙarshe da zafinta, a faffaɗe kamar ɓawon itace. Man sai ya bi ta matata mai yadudduka kafin ya shiga tanki ko ganga, tunkuza kuma ta wuce mangaza, abincin shanu ce da Turai ke saye da daraja.

Kowane mataki da abin da yake buƙata daga magini. Injin matsa yana girgiza dare da rana, don haka ana kafa shi a kan dandamalin kankare mai zurfi, a raba shi da harsashin bango, in ba haka ba bangon ya tsage. Tukunyar tururi, wadda a irin waɗannan luzin ake yawan hura ta da ɓawon gyaɗa, tana zama a ɗakinta daban da dogon bututun hayaƙi, domin tsawon ne ke jan iska wutar ta ci, ya kuma kai tartsatsi nesa da buhuna. Tazarar da ke tsakanin ɗakin tukunya da tankunan mai da mangaza ba ɓarnar fili ba ce, tsoron gobara ne. Wurin da ɓawo da mai da buhun algarara suka haɗu, ashana ɗaya ta isa.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin Maraɗi na wuce digiri 40, ga kwano a sama, ga tururi a ƙasa. Babu na'urar sanyaya ɗaki, don haka ginin ne da kansa zai yi numfashi. Ana ɗaga rufi sama sosai, a bar kafa tsakanin bango da kwano, a jera bulo mai huda a saman bango, wani lokaci a ɗaga tsakiyar rufin ya zama ƙaramin rufi a kan babba don iska mai zafi ta fice ta can. Maginin da ya san ƙasar kuma ba ya barin manyan ƙofofi suna kallon gabas, inda hadari da iskar damina ke fitowa. Wannan ilimi ne da sarkin magina na kowane gari ya riga injiniya sani, tunda bangon gabas ne yake fara yi wa yaɓe kowace shekara.

Danshi ma abokin gaba ne. A 1960 dubban talotalo suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar da aka kai daga Brazil, bincike ya gano gubar aflatoksin da wani irin fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ta ji laima. Daga nan masu saye a Turai suka tsananta sharuɗɗa. Daɓen siminti da aka ɗaga sama da ƙasa, katakon da ake shimfiɗawa kafin a jera buhu, da hanyar iska tsakanin buhu da bango, duk suka zama tilas.

Kayan ginin kuwa daga nesa suke zuwa. Ƙarfe da kwano da siminti sai sun hau jirgin ruwa, su hau na ƙasa, su hau mota, domin Nijar ba ta fara yin simintinta ba sai da luzin Malbaza ya soma aiki a tsakiyar shekarun 1960. Abin da ƙasar ta bayar shi ne yashi da tsakuwa da ruwa da hannu. A wuraren aiki irin waɗannan ne samarin yankin suka koyi zuba kankare, da ɗaura rodi, da walda, da buga kwano, da gyaran inji. Da alhazan gari suka yi kuɗi, waɗannan hannuwa ne suka gina musu gidajen bulo da kantuna. Wanda ya dubi titunan Maraɗi da Tasawa a yau, ya ga shaguna masu ƙofar ƙarfe da rufin kwano a jere, yana kallon jikokin ginin kamfani ne.

Daga gona zuwa sikeli

Ba a gane luzin in ba a bi gyaɗar daga inda ta taso ba. Bayan kaka, hukuma ce ke shelar ranar buɗe ciniki, ta kuma ƙayyade kasuwannin da aka yarda a saya. Kafin ranar, an cire gyaɗa, ta bushe, an tsinke, an ɓare, da farko a turmi, daga baya da ƙaramin injin hannu mai lilo. Sai jakuna da raƙuma su ɗauko hanya daga ƙauyukan Mayahi da Kanambakashe da Urafan da Korgom, wasu su kwana a hanya.

A kasuwa, rayuwar shekara guda tana rataye a ƙugiyar sikeli. Mai awo ya ɗora buhu, ya zura hannu ko ya soka ƙarfe ya ga ko an cika da ƙasa, ya faɗi nauyi da ƙarfi, malamin da ke zaune a tebur ya rubuta, a ƙirga kuɗi a miƙa. Manomi bai iya karanta lambar sikeli ba, don haka ƙorafin tauye awo bai taɓa ƙarewa ba. Kuɗin ma ba ya daɗewa a aljihu: wakilin sarki na jiran lanho, mai bashin iri na jira, abin da ya saura a yi wa iyali tufafi, a sayi goro da gishiri, in shekara ta yi kyau a yi aure. A gefe masu ɗinki na rufe bakin buhu da basilla, ƴan dako na hawa kan tsibi da buhu a ka, suna jera shi dala-dala irin wadda ta yi suna a Kano.

Ginin da ya tsaya a bayan wannan hada-hada shi ne mangaza. Fasalinta ba ya ɓuya: dogon ɗaki mai kaurin bango, ƙofar ƙarfe mai faɗi da sakata, ƙananan tagogi can sama inda hannu ba ya kai, baranda a gaba don inuwar sikeli da teburin malami. Sau da yawa gaba kanti ne da ake sayar da atamfa da sukari da fitila, baya kuma ma'ajiyar gyaɗa, ta yadda kuɗin da ya fita ta taga ɗaya yake komowa ta ɗaya. Gini ne da ya faɗi gaskiyar cinikin fiye da kowane rahoton kwamanda.

A inuwar waɗannan barandu ne manyan ƴan kasuwar yankin suka tashi. Kamfani ya ba mutum kuɗi ya shiga ƙauye ya sayo, ya ci lada a kan kowane tan, a hankali ya sayi mota, ya je Makka, ya zama mai jarin kansa. Emmanuel Grégoire ya bi wannan tarihi a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi.

Daga SONARA zuwa faɗuwa

A shekarun 1950 Faransawa suka fito da wani shiri da suka kira Hirondelle, don karkata wani kaso na gyaɗar Nijar zuwa tashar jirgin Paraku da tashar ruwan Kwatano, a rage dogaro da Najeriya. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa waje, aka kuma kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. A tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa da manta da tunkuzarta su ne ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje. Dogon benen SONARA da ke tsakiyar Yamai da wannan arziki ya samu suna.

Faɗuwar ta zo a jere. Faransa ta janye farashin gata da take sayen gyaɗar tsofaffin ƙasashenta da shi, bisa yarjejeniyarta da kasuwar Turai. Fari ya kama daga 1968, ya kai maƙura a 1973 da 1974, manomi ya ga cewa gyaɗa ba ta cika rumbu, ya koma wa gero. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotso ke yaɗawa, ta share gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. A daidai lokacin kuma yuraniyom na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya ɗauke hankalin gwamnati. Luzin da aka gina don dubban tan suka rasa abin matsa, na Matamai da na Magarya suka tsaya, SONARA kanta ta rushe a ƙarshen shekarun 1980. Na Maraɗi ya yi ta faɗi-tashi har zuwa farkon shekarun 2000, lokacin da ya koma hannun kamfanin Olga Oil.

Gyaɗa ba ta bar ƙasar ba, ta dai koma inda ta fito. Matan Tasawa da Mayahi na nan suna soya ta, suna kai ta injin niƙa, suna matse mai a kwalabe, suna tuya ƙuli-ƙuli. A gona wake da riɗi da aya sun karɓi wani ɓangare na filinta, a kanti kuma man da ake shigowa da shi daga Asiya a jarka ya karya farashi. Layin dogon da gyaɗa ta yi shekaru tana jira sai a Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, daga Kano zuwa Maraɗi, bayan dalar buhunan ta daɗe da bajewa.

Gadon wa?

Akwai masu cewa ginin kamfanin Turawa ba abin tinƙaho ba ne, alama ce ta zamanin da aka tilasta wa talaka noma abin da ba zai ci ba don ya biya harajin da bai san amfaninsa ba. Maganarsu tana da tushe. Sai dai wannan dalili ne na a adana, ba na a rushe ba. Bature ya kawo zane da ƙarfe ya tafi da riba, amma wanda ya haƙa harsashi, ya kwaɓa siminti, ya ɗauki buhu, ya kwana gaban tukunya, ɗan ƙasa ne. In aka share ginin, ba tarihin kamfani aka share ba, domin nasa na ajiye a takardu a Dakar da Faransa. Na lebura ne ke ɓacewa, shi da ba shi da takarda.

Duniya ta jima da gane haka. UNESCO ta sa kwarin Ironbridge na Ingila cikin gadon duniya a 1986, ta sa luzin ƙarfe na Völklingen a Jamus a 1994, ta sa luzin naman gwangwani na Fray Bentos a Uruguwai a 2015. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, tsohon rumbun hatsi na kankare da aka gina a shekarun 1920 ya zama gidan baje kolin zane-zane a 2017. Ba kyau ne ya kai su wannan matsayi ba, aikin da aka yi a cikinsu ne da yadda ya sauya rayuwar jama'a.

Ba sai an je nesa ba ma. A Dandaji ta jihar Tawa, da jama'a suka buƙaci sabon masallaci, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ba su bari an rushe tsohon ba. Aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa, aka kammala a 2018. Darasin a fili yake: ginin da aka samar wa aiki yana rayuwa, wanda aka kulle kuwa gara da ruwan sama ne magadansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013. Amma idan ana maganar gado, hankali ya fi tafiya ga fada da masallaci da kufai. Luzin da mangaza suna faɗawa tsakani: ba su tsufa a ido kamar ganuwa ba, ba su kuma da sabuntar da za ta sa a yi musu fenti. Haɗarin da ke kansu na yau da kullum ne. Fili a tsakiyar gari ya yi tsada, magada na son raba gado, ƴan gwangwan na sayen tsohon ƙarfe da kilo. Injin da ya shekara 60 yana iya zama tarkace a yini ɗaya, kwano ɗaya da iska ta yaye kuma ya isa ya jiƙa bango damina uku har ya zube.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Adana irin wannan gado ba ya nufin a hana mai luzin aikinsa ko a ƙwace wa ɗan kasuwa mangazarsa. Mafi alherin abin da zai samu luzin mai shi ne ya kasance yana matsar mai. Abin da ake nema shi ne in za a sabunta, a san abin da ake taɓawa, a bar ɓangaren da ya fi tsufa a tsaye, a ajiye ko da inji ɗaya da sikeli ɗaya na zamanin farko.

Matakin farko ƙidaya ce, kuma ba ta da tsada. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, tana da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Su bi tsofaffin kasuwannin gyaɗa daga Maraɗi zuwa Cadawa, Gazawa, Tasawa da Mayahi, su auna kowace mangaza da ta rage, su ɗauki hoto, su zana fasalinta, su rubuta wanda ya gina da wanda ke riƙe da ita yanzu. Ma'aikatun magajin gari su sa waɗannan gine-gine a taswirarsu, ta yadda ba za a ba da izinin rushewa ba sai an duba. Mangazar da ba ta da mai amfani da ita kuwa, ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na neman wuri mai daɓe da inuwa da iska, kuma don irin wannan haja aka gina ta tun asali.

Mataki na biyu ya fi gaggawa, domin ya shafi mutane. Wanda ya yi dako ko awo ko gadin tukunya a farkon shekarun SONARA yana ɗan shekara 20, yau ya haura 70. Su ne suka san inda sikeli yake tsayawa, da yadda ake jera dala ba ta zube ba, da nawa ake biya a kan buhu, da waƙoƙin da ake yi in an ɗauki kaya. Gidajen rediyon yankin suna da na'urar ɗaukar murya, kowane matashi kuma yana da waya a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya: bango yana iya jiran kasafin kuɗin baɗi, amma hira da waɗannan dattawa aikin bana ne, kuma hukumar gari ko shugaban sashe a jami'a na iya ba da umarnin fara ta ba tare da jiran kowa daga Yamai ba.